Kwamfutar da Glenda Ta Ƙi Kashewa

Ranar Laraba ce, cikin watan Afrilu, lokacin da sanyi ke fara leƙowa garin Ulverstone, a wani tsibiri can kudancin duniya. Glenda Febey ta riga mijinta tashi kamar kullum. Ta ɗora buta, ta zura takalman roba, ta zagaya lambu don ta ga ko zomaye sun yi mata ɓarna. Ba su yi ba. Ta tsinko kabewa guda, domin ɗanta Dougal zai zo, kuma tun yana ƙarami miyar kabewa ce kaɗai abincin da bai taɓa yi wa gardama ba.

Da hantsi ta ji ƙarar tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar gida. Makanike ne a garejin motocin bas, Laraba ce ranar hutunsa. Dogo ne, bahago, ya haura talatin da biyar, amma har yanzu in ya shigo kicin sai ya fara buɗe firij kafin ya gaishe da kowa.

"Ina marar lafiyar?" ya ce, kansa na cikin firij.

"Tana ɗaki. Kuma lafiyarta ƙalau, kar ka ƙaƙaba mata ciwo."

"Farfesa, kwamfutar da za ki kunna, ki je ki dafa shayi, ki shanye, ki dawo ki tarar tana miƙa? Ai wannan sai addu'a."

Farfesa yake ce mata in yana jin tsokana. Ba farfesa ba ce. 'Yar manomin dankali ce da ta je jami'a a Hobart ta karanci kimiyya, ta dawo ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti tana duban jinin mutane. Aikin ya bar mata hali guda: ba ta cewa abu ya yi sai ta gwada shi da hannunta. Ko ma'aunin zafi ta sayo, sai ta tsoma shi a tafasasshen ruwa ta ga ko gaskiya yake faɗa.

Maganar kwamfutar kuwa, kamfanin da ya yi babbar manhajar da ke tafiyar da ita ne ya ce ya daina kula da wannan tsohon samfuri. A kanti aka ce mata ta sayi sabuwa kawai. Dougal ya ji haka ya ce ba za a yi ba. Shi mutum ne da ba ya iya ganin an yar da abin da ke da sauran rai, kuma ya daɗe cikin masu amfani da Linux, manhajar da ba ta da mai ita: kowa na iya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani.

Mijinta Noel, tsohon mai raba wasiƙu, ya shigo daga wajen kaji ya tsinci maganar a tsakiya.

"Kyauta? Ni ban taɓa ganin abin kyauta da bai zo da wata jela a bayansa ba."

"Baba, kai da kake bin unguwa gida-gida kana raba tumatir, wace jela ce a jikinsu?"

"Tumatir daban."

"To wannan ma tumatir ce, sai dai ba ta ruɓewa."

Kafin tsakar rana Dougal ya kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar zuwa wani ƙaramin faifai na waje: hotuna, wasiƙu, da mujallar wata-wata ta ƙungiyar masu lambu, wadda Glenda ke shiryawa. Ta tsaya a kansa har ya buɗe mata wasu ta gani da idonta cewa sun kwafu. Sannan suka ci miyar kabewa da gasasshen burodi. Dougal ya ƙara sau biyu. Noel ya ba da labarin karen da ya taɓa cizonsa a bakin aiki, wanda duk suka haddace, suka bar shi ya kai ƙarshe.

Bayan abinci Dougal ya zaro wani ɗan filash ja daga aljihu, bai kai ɗan yatsa ba, ya soka a gaban kwamfutar, ya sake kunna ta. Ya ɗauke linzamin kwamfutar, wato maus, daga dama ya mayar hagu, kamar yadda yake yi wa kowane abu da ya taɓa.

"Ki saurara, Mama, nan ne wurin. Mu ba ma tsoma mutum a ruwa haka kawai. Wannan da kike gani, daga cikin filash take aiki. Ban taɓa miki komai a ciki ba. Gwaji ne. Ki yi ta amfani da ita zuwa Lahadi. In ta yi miki, in zo in girka ta sosai. In ba ta yi ba, a zare filash, ki koma wa tsohuwarki."

"In na kashe fa?"

"Kar ki kashe. Duk abin da zan shirya miki yanzu a iska yake. Wuta na ɗaukewa ya tafi, sai a sake daga farko."

Ya shafe yammacin yana shirya mata. Ya ƙara girman rubutu yadda za ta karanta ba tabarau. Ya jera mata abubuwan da take buƙata a gefe guda, ya kawar da sauran. Ya hana allon yin barci don kar ya yi duhu ta zaci wani abu ya lalace. Daga ƙarshe ya ɗauko wani hoto ya shimfiɗa a fuskar allon: Noel yana barci a kujerar lambu, baki buɗe, kaza tsaye a kan gwiwarsa.

"Cire wannan abin," in ji Noel.

"Ba ya ciruwa, Baba. Haka manhajar ta zo."

Rana na shirin faɗuwa ya tashi tafiya. Glenda ta zuba masa sauran miyar a roba. Ya sumbace ta a ka, ya ce, "Lahadi ina jiran sakamako, Farfesa. Ban da sassauci." Ta ce ya dawo mata da robarta. Ya danna ham sau ɗaya a kwana.

Washegari da safe, a gareji, yana tsaye yana magana da abokin aikinsa, zuciyarsa ta tsaya. Likitoci suka ce wata tawaya ce da aka haife shi da ita, ba wanda ya sani. Glenda ta karanta rahoton sau biyu. Ta fahimci kowace kalma a ciki, kuma babu kuskure.

Aka binne shi a maƙabartar da ke kan tudu, mai kallon teku. Ƙanwarsa Kirsty ta zo daga Perth ta yi mako biyu. Maƙwabta suka yi ta ajiye tukwanen abinci a bakin ƙofa har firij ya ƙi rufuwa. Sai da gida ya yi shiru Glenda ta shiga ƙaramin ɗakin, ta tarar da allon a kunne, Noel da kazarsa na nan, ɗan filash ɗin na ƙyafta jar fitilarsa.

Ba ta taɓa komai ba. Ta samo salatif ta manne makunnin da ke jikin bango. Ta hana Noel shiga da injin shara, ita take sharewa da hannu, tana kewaye wayoyin. Mujallar masu lambu ta miƙa wa wata ta ci gaba. Hotuna da wasiƙu ba su dame ta ba, ta san suna cikin faifan waje. Abin da take tsaro shi ne wannan shirin da ya yi mata: girman rubutun, jerin abubuwan, inda ya ajiye kowanne. Aikin hannunsa na ƙarshe ke nan, kuma da bakinsa ya ce a iska yake.

In ban da wannan, rayuwa ta ci gaba, kuma ba za a ce ta yi muni ba. Sun tone dankali. Noel ya ci gaba da raba abin da lambu ya bayar. Da safe Glenda kan tsaya a ƙofar ɗakin da kofin shayi a hannu, ta dubi allon, ta wuce. In iska ta taso daga teku tana kaɗa wayoyin lantarki, sai ta ajiye abin da take yi ta zauna har ta lafa. Noel ya lura, ya ƙyale ta.

Cikin watan Yuli, sanyi ya kai inda ya kai, aka jefo kati a akwatin wasiƙa. Kamfanin lantarki zai sauya turakun layinsu ranar Talata mai zuwa. Ba wuta daga safe zuwa yamma.

Noel ya karanta, ya tafi rumfar kayan aiki, ya dawo yana jan janaretan da suke tafiya da shi zango.

"Ga magani, Glen."

"In ka zare ta daga bango za ka soka a janareta, me zai faru a tsakani?"

Ya dubi wayar janaretan.

"In na yi sauri fa?"

"Noel."

"To, na ji. Ni dama wasiƙa na iya."

Shi ne ya kira Marnie Radford. Marnie mai kiwon shanun madara ce a bayan gari, kuma ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin bayan laburare inda su Dougal ke haɗuwa ran Asabar suna gyara wa mutane tsofaffin kwamfutoci. Glenda ta gan ta wajen jana'iza, mace mai faɗin kafaɗa da ta yi kuka ba ta ɓoye ba. Ta zo ran Asabar da rana, ta cire takalma a ƙofa, ta tsaya gaban allon. Da ta ga hoton kazar sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki.

"Yi abinki," in ji Noel. "Duk garin nan ke kaɗai kika rage ba ki gani ba."

Marnie ta duba bayan kwamfutar, ta duba salatif ɗin, ta ce, "Tun Afrilu take a kunne? A kan filash? Lallai kin yi sa'ar wuta."

"Za a iya ceton shirin?"

"Za a iya. Ba abin da ke ɓoye a cikinta. In kwafe 'yan saitin da ya yi, in girka, in mayar. Za ta fito kamar yadda take, ba za ki bambance ba." Ta ɗan dakata. "Amma tukuna, ya kika same ta? Ta yi miki?"

"Ban gwada ba."

Marnie ta juyo gaba ɗaya.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Kai! Ashe musunmu na nan a rataye." Ta ga Glenda ba ta gane ba, ta ce, "Ran Larabar nan da ya bar nan, ta wajena ya biya karɓar madara. Ya ce uwata ba ta karɓar komai sai ta gwada, za ki gani, kafin Lahadi za ta zaƙulo mata aibi uku. Na ce biyu, ba ta fi haka ba. Muka sa mitfai, gasasshen fulawar nan mai nama a ciki, a tsakani, wanda ya faɗi ya saya. Yana ta cika baki wai ban san Farfesa ba."

Noel ya fita wai zai duba kaji.

Glenda ta dubi allon. Wata uku tana gadin abu kamar kayan tarihi, alhali ba ajiya ya ba ta ba. Aiki ya ba ta, irin wanda ta fi kowa iyawa, ya ce yana jiran sakamako.

"Bar kwafar nan," ta ce. "Nuna mini dai inda ake danna girkawa. Sauran zan nemo."

Ran Lahadi bayan karin kumallo ta ja kujera ta zauna. Ta mayar da linzamin dama, ta danna. Maimakon abin ya buɗe sai wani jeri ya fito. Ta sake, haka. Sai da ta yi ta fama kafin ta gane: ɗan banzan ya juya maɓallan linzamin don hannunsa na hagu, ya manta bai mayar ba. Ta yi dariya ita kaɗai har ta share ido. Noel ya leƙo a tsorace.

"Lafiya?"

"Ɗanka ne. Aibi na ɗaya."

Ta bi komai daki-daki yadda take bin jini a da. Ta buɗe hotuna, sun buɗu. Ta aika wa Kirsty saƙo, ya je. Ta kira jikokinta ta bidiyo, suka gan ta ta gan su, ƙaramar ta nuna mata haƙorin da ya fita. Ta jona firinta tana jiran rigima, don da tsohuwar manhajar sai an yi lallashi, amma takarda ta fito ba musu, har abin ya ɗan ba ta haushi. Ta buɗe tsohuwar mujallar masu lambu, ta gyara layi, ta adana, ta sake buɗewa ta ga ko gyaran ya zauna. Ya zauna. Inda ta maƙale ta rubuta tambaya a dandalin masu amfani da manhajar, kafin ta gama wanke kwanuka wani da ba ta sani ba ya amsa mata, bai nemi komai ba.

Aibi na biyu agogo ne. Yana nuna lokacin wata ƙasa can, domin Dougal bai gaya masa inda yake ba. Na uku ta neme shi har Litinin da rana, da gaske ta nema, don tana son ɗanta ya ci musun. Ba ta samu ba, kuma ba ta cikin masu ƙara abin da ba su gani ba.

Kowane abu da ya shirya kuwa ta bi sawunsa ta gano yadda aka yi: inda ake ƙara girman rubutu, inda ake hana allo barci, inda ake shimfiɗa hoto. Ba wuya. Ta ga ma inda da ita ce da ba haka ta jera ba.

Litinin da la'asar ta sake duba faifan waje, ta tabbatar komai na ciki, sannan ta kira Noel. Ya zo ya tsaya bayanta da hularsa a hannu kamar mai shiga coci. Ta danna girkawa. Aka tambaye ta harshe, ta zaɓa. Aka nuna taswira, ta danna tsibirinsu. Aka tambayi suna, ta rubuta nata. Aka tambaya ko a bar tsohuwar manhajar a gefe ko a share gaba ɗaya.

"Ki bar ta mana, ko da wani abu," in ji Noel.

"Na gwada. Ba na buƙatarta."

Suka zauna suna kallon layi yana cika a hankali. Hoton kazar na nan a baya har lokacin. Da ya cika sai rubutu ya fito: a zare filash, a danna maɓalli. Glenda ta sa yatsu biyu ta zare. Yana da ɗumi. Ta danna. Allon da bai yi duhu ba tun Afrilu ya yi duhu, ƙarar fankar ciki ta tsaya, sai ga ƙarar agogon bango da ta manta yana ɗakin. Noel ya ɗora hannu a kafaɗarta.

Kwamfutar ta tashi tun bai ɗauke hannun ba. Fuska fayau, ba hoto, rubutu ƙanana. Glenda ta sa tabarau, ta shiga inda ta koya, ta ƙara girman rubutun. Ta jera abubuwanta yadda take so. Ta ɗauko hoton daga faifai ta shimfiɗa.

"Haba, Glen! Ke ma?"

"Haka manhajar ta zo."

Ta ɗan zauna tana kallo, hannunta a kan linzami. Sannan ta ce, "Ta yi." Ba da Noel take ba, shi ma ya sani. Ta kashe kwamfutar yadda ake kashewa, ta durƙusa ta ɓare salatif ɗin daga bango.

Ran Talata masu turaku suka zo suka ɗauke wuta. Su biyun suka tafi bakin teku, suka sayi soyayyen kifi da dankali, suka ci a cikin mota saboda iska. A hanyar dawowa suka biya ta gonar Marnie. Glenda ta miƙa mata mitfai a takarda, da zafinsa.

"Biyu ne," ta ce. "Kuma duk biyun nasa ne, ba na manhajar ba. Kin ci."

Marnie ta karɓa, ta raba uku a kan murfin mota.

Bayan wannan ne suka iya buɗe gidan da Dougal yake haya, wanda mai gidan ya yi musu haƙuri bai matsa ba. A-kori-kurarsa Noel ne ya riƙe ta, ya sayar da tasa motar, yanzu da ita yake raba tumatir. Kayan aikin makanikanci suka kai gareji aka raba wa abokan aikinsa, ban da wani almakashin hagu da ba wanda ya iya riƙewa, yana nan a aljihun teburin kicin. Tufafi aka kai shagon taimako na coci. Sandunan kamun kifi aka aika wa 'ya'yan Kirsty. Robar miyar Glenda ta gan ta a wanke, a kife kusa da famfo, ta ɗauko abinta.

A ɗakin baya suka tarar da tsofaffin kwamfutoci jibge, waɗanda ya riƙa tsintowa daga shagon da ke bakin juji. Waɗannan aka kai ɗakin bayan laburare, Glenda ta bi su. Ta karɓi mujallarta ta ci gaba, kuma ran Asabar tana can, tabarau a hanci, tana gwada kowace kafin a ba wani.

Ɗan filash ɗin ja ne kaɗai ba a ba kowa ba, ba a kuma sa shi a akwati ba. Yana rataye da mabuɗan gidanta. In wani ya kawo tsohuwar kwamfuta yana tsoron sauyi, sai ta ciro shi ta soka, ta ce ya zauna ya gwada, ba abin da za a taɓa masa. In ya gama sai ta tambaye shi aibi nawa ya samu. Wanda ya ce ta yi masa, a ranar take girka masa kafin ya tashi, sannan ta zare filash ɗin ta mayar cikin mabuɗai.